Baƙo, Turanci Da Jarrabawar Tuƙi A Birtaniya

Gabatarwa

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Wannan karin magana ya dace da halin da wasu 'yan Afirka kan shiga idan suka koma Birtaniya da zama. Sai ka ga mutum ya shekara goma sha yana jan mota tsakanin Legas da Kano, ya san halin mota kamar yunwar cikinsa, amma da ya isa can sai a ce ya koma ɗan koyo. Yawanci ba sitiyari ne yake ba shi wahala ba, harshe ne. Ni da na koyi Hausa da girmana na san yadda mutum yake ji idan ya san amsa a zuci amma bakinsa ya kasa fitar da ita. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda jarrabawar tuƙi take a Ingila da Sikotilan da Wales, da kuma inda ƙarancin Turanci yake kayar da baƙo.

Me Ya Sa Sai An Sake Jarrabawa?

Dokar ƙasar ta yarda baƙo ya yi tuƙi da lasin ƙasarsa na tsawon wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. 'Yan wasu ƙasashe, kamar Afirka ta Kudu da Japan, suna iya musanya nasu da na Birtaniya ba tare da jarrabawa ba. Nijeriya ba ta cikin wannan jeri. Saboda haka dole ɗan Nijeriya ya nemi lasin ɗan koyo, sannan ya ci jarrabawa biyu: ta kwamfuta da ta kan titi. Wanda ya ci gaba da tuƙi da tsohon lasinsa bayan wa'adin ya cika ya karya doka. Ana iya cin sa tara, 'yan sanda na iya kwace motar, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan hatsari ya auku. Ga mai aikin da ke buƙatar mota, kamar kai kaya gida-gida ko kula da tsofaffi, wannan magana ce ta abincin iyali.

Yadda Aka Rufe Ƙofar Tafinta

A da baƙo yana da sauƙi. Yana iya sauraron tambayoyin jarrabawar kwamfuta cikin ɗaya daga harsunan waje 19, irin su Larabci da Urdu da Turkanci, ko ya zo da tafinta. Hausa da Yarabanci da Ibo ba su cikin waɗannan harsuna, don haka tafinta ne kaɗai mafitar mutanenmu. Daga ranar 7 ga Afrilu, 2014, gwamnati ta soke duka biyun. Tun daga lokacin ana yin jarrabawar ne da Turanci ko harshen mutanen Wales ko kuma maganar hannu ta kurame.

Gwamnati ta ce direban da ba ya jin Turanci ba zai fahimci rubutun gargaɗi a kan hanya ba, kuma an kama wasu tafintoci suna raɗa wa masu jarrabawa amsa a madadin fassara. Masu suka kuwa suna ganin yawancin alamun hanya zane ne, kuma ɗan yawon buɗe ido da ba ya jin Turanci ko kaɗan yana da damar tuƙi a ƙasar. Ba ko'ina ake bin wannan tsari ba, domin a Jamus ana rubuta jarrabawar da harsunan waje da dama, har da Faransanci da Larabci.

Jarrabawar Kwamfuta

An fara wannan jarrabawa a shekarar 1996, kuma kashi biyu ce. Kashi na farko tambayoyi 50 ne masu zaɓin amsa, a cikin minti 57, kuma sai mutum ya ci 43. Wato kuskure bakwai kawai aka yafe masa. Nan ne harshe yake yin aikinsa. Littafin dokokin hanya, wanda aka fara bugawa a 1931, yana bambanta kalmar “must” da kalmar “should”. Ta farko tana nufin dole ne, barinsa laifi ne a gaban doka. Ta biyu shawara ce mai ƙarfi. Wanda ya ɗauke su abu ɗaya zai iya zaɓar amsar da ba ita ba, alhali ya iya tuƙi.

Akwai kuma sunayen da ko mai jin Turanci sai ya koye su. Wuraren tsallaka titi suna da sunayen dabbobi da tsuntsaye: ɗaya sunan jakin dawa, wani kuma sunan kwasakwasa, kuma kowanne da dokarsa. Sannan ana auna gudu da mil ne, ba kilomita ba. Iyakar gudu a manyan hanyoyi mil 70 ne a awa, wato kimanin kilomita 113.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, wanda karatu yake yi wa wuya yana iya neman a karanta masa tambayoyin da Turanci ta na'urar sawa a kunne. Wannan babban taimako ne ga wanda ya koyi Turanci a kasuwa ko wurin aiki, wanda kunnensa ya fi idonsa saba da harshen.

Kashi na biyu, wanda aka ƙara a 2002, hutu ne ga mai ƙarancin Turanci. Za a nuna gajerun bidiyo 14, da zarar mutum ya hango abin da zai iya jawo hatsari sai ya danna. Ana buƙatar maki 44 cikin 75. Ido da ƙwarewa ake nema, amma wanda ya yi ta dannawa barkatai zai tashi da sifili a wannan bidiyon. Dole a ci kashi biyun a zama ɗaya, kuma takardar shaidar tana aiki na shekara 2 ne kawai.

Jarrabawar Kan Titi

Wannan tana ɗaukar kimanin minti 40. Da farko za a sa mutum ya karanta lambar wata mota daga nisan mita 20. Idan ya kasa, jarrabawa ta ƙare ke nan. Sai tambayoyi biyu a kan lafiyar mota: ɗaya ya yi bayani da baki, kamar yadda ake gane birki na aiki, ɗaya kuma ya nuna a aikace yana cikin tuƙi. An wallafa jerin waɗannan tambayoyi, kowa na iya haddace su tun a gida.

Mai jarrabawa ba ya dogon surutu. Umarninsa gajere ne kuma kusan iri ɗaya kullum: tsaya a gefen hagu, bi hanya ta uku a shataletale, ci gaba idan ka shirya. A 2017 an tsawaita sashen da mutum zai tuƙa da kansa zuwa kimanin minti 20, kuma yawanci na'urar nuna hanya yake bi. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure guda ya isa faɗuwa.

Akwai abu biyu da ya kamata baƙo ya riƙe. Na farko, ba laifi ba ne ya ce a maimaita masa umarni. Na biyu, idan ya ɓata hanya amma ya yi tuƙinsa bisa ƙa'ida, ba za a kayar da shi don haka ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne ruɗewa: ya ji kalmar da bai gane ba, kunya ta hana shi tambaya, sai ya karya kan mota ba tare da duba madubi ba. Ga kuma sabo, domin ta hagu ake tuƙi a can, alhali Nijeriya ta koma dama tun 1972.

Kammalawa

Turancin da wannan jarrabawa take buƙata ba na jami'a ba ne. Kalmomi ne na hanya da na sassan mota, masu iyaka, waɗanda ake maimaitawa. Baƙo zai iya buɗe littafi ya riƙa rubuta kowace sabuwar kalma da ma'anarta a harshensa, ya nemi malamin tuƙi mai jin yarensa don bayani, amma ya roƙe shi ya riƙa ba da umarni da Turanci kamar yadda za a yi ranar jarrabawa. Ya kuma guji masu cewa za su samo wanda zai zauna a madadinsa, domin an sha ɗaure mutane a kan haka. Faɗuwa ba abin kunya ba ce, don kusan rabin masu jarrabawar kan titi ba sa ci, har da 'yan ƙasa. Bayan kwanakin aiki 10 mutum na iya komawa, kuma kalmar da ta kayar da shi a karo na farko ba za ta sake zame masa baƙuwa ba.