Kuza ta wuce, bariki ya zauna: nazari kan zaman soja a Zariya

Ba kuza ce ta kawo soja Zariya ba, amma hanyarta na cikin abin da ya zaunar da shi. Dakarun Turawa sun kafa sansani a wajen ganuwa a 1902, zamanin Sarki Kwasau. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka ja wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka kammala shi a 1914 don kwaso kuza. Garin ya zama mararraba: kuza daga Jos, gyaɗa daga Kano, auduga daga ƙauyukan Zazzau. Inda dukiya ke ratsawa kuwa, mai mulki ba ya barin wurin babu bindiga. A 1924 aka buɗe cibiyar horar da kuratan soja, wadda barikinta ke amsa sunan Chindit, don tunawa da yaƙin Bama.

Layin kuza bai daɗe ba. Tun 1927 hanyar Kafanchan ta fara janye masa kaya, aka rufe shi a 1957. Barikin sai ƙara yaɗuwa ya yi: makarantar soja ta yara a 1954, ga kuma barikin Basawa kusa da Samaru.

Sabon Gari ya ci moriya. Albashin soja da na ma'aikatan reluwe ya raya kasuwa. Har yau, ranar yaye kurata, iyaye daga kowace jiha kan cika masaukai, 'yan Keke Napep da masu abinci su kwana da ciniki, teloli su yi ta rage wandon kaki.

Sai dai gari ya bunƙasa har ya kewaye barikin, musamman bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, soja da farar hula suka koma bin titi ɗaya. Arangamar Disamba 2015 tsakanin soja da 'yan Harkar Musulunci, wadda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna ya ce ta ci rayuka fiye da 300, ta nuna haɗarin wannan maƙwabtaka.

Wannan darasi ne ga duk wani shirin girke soja a wuraren haƙar zinari na Birnin Gwari da Zamfara. Tarihin Zariya ya nuna ma'adini kan wuce, soja ya zauna. Don haka tun kafin a kafa sansani, wajibi ne a tsara yadda zai zauna da mutanen wurin.