Dutsen Wuya Na Gilashi: Aikin Wuta Da Azurfa

Rumfar ɗan koli a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ba ta rabuwa da mata. Nan ake zaɓen sarƙa da 'yan kunne, jigida da awarwaro, da silin duwatsun wuya da ake zubawa a lefe ko a saya wa 'yan mata da sallah. Da yawa daga cikin abin da ke rataye a yau roba ce da inji ya zubo, ga araha ga saurin koɗewa. Amma tsofaffin Gobir sun san lokacin da tsakiya da murjani da ƙarau suke cikin dukiyar da mace ke ɓoyewa a ƙasan adudu, ta ci ado da su ranar biki, in girma ya kama ta ta miƙa wa 'yarta. Cikin irin waɗannan duwatsu akwai waɗanda ba daga ƙasa aka haƙo su ba. Gilashi ne, wani ya zauna gaban wuta ya naɗa su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa.

Hanyar da suka biyo zuwa wannan yanki tsohuwa ce. Gobirawa da kansu daga Azbin suka gangaro kudu, kuma ayarin raƙuma da ke tasowa daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas ya daɗe yana sauke kaya a Katsina da Kano. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado na Venice da Trieste cikin hajar Turai da ya tarar a kasuwa. A 1853 ya taso daga Katsina, ya bi ta Sansanin Isa, ya ratsa dajin Gundumi, ya isa wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Turbar fatake ya bi, wadda hajar Kano da Katsina kan biyo zuwa Sakkwato.

Venice kuwa, a ƙasar Italiya ta yau, ta yi suna da wannan sana'a tun da daɗewa. A 1291 hukumar birnin ta kwashe masu tanderun gilashi zuwa tsibirin Murano saboda tsoron gobara, kuma daga can duwatsu suka yi ta kwarara zuwa Afirka shekaru aru-aru. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar yin duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kare.

Sai dai kada a ɗauka Turawa ne suka kawo wa baƙar fata sanin gilashi. A Igbo-Ukwu, cikin jihar Anambra, haƙon da Thurstan Shaw ya fara a 1959 ya tono duwatsun ado sama da 165,000, na gilashi da na dutse, waɗanda suka haura shekara dubu a binne. A Ile-Ife, a wurin da ake kira Igbo Olokun, masanin kayan tarihi Abidemi Babatunde Babalola ya samo duwatsu kusan 13,000 tare da fasassun tukwanen narka gilashi. Gwajin da aka yi musu ya nuna cewa daga ƙasar wurin aka haɗa gilashin tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 15, har ma an ga irinsa a Gao ta ƙasar Mali.

Wadda ta fi kusa da ƙasar Hausa, kuma take da rai har gobe, ita ce sana'ar unguwar Masaga a birnin Bida. Masagawa sun ce kakanninsu daga Masar suka taso, suka biyo ta Barno kafin su zauna a ƙasar Nupe. A da sukan haɗa nasu baƙin gilashin da suke kira bikini daga yashi da kanwa. Da kwalaben Turawa suka yawaita, sai suka koma narka su. S. F. Nadel ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1942 kan masarautar Nupe, kuma a 2021 Bida ta shiga jerin biranen fasaha na UNESCO saboda sana'o'in hannu irin wannan. Murhun yumɓu, itace, zugazugi da sandar ƙarfe, su ne kayan aikin da ke fitar da ƙarau da dutsen wuya a Masaga.

To, yaya ake naɗa dutse ɗaya?

Asalin gilashi yashi ne mai tsabta da aka gauraya da kanwa ko toka da ɗan farar ƙasa, aka narka a zafin da ya wuce digiri 1,000. Launi kuma daga ƙarafa yake zuwa: baƙin ƙarfe ke ba kwalba kore, jan ƙarfe ya ba da shuɗi mai haske ko ja, zinariya ta ba da ja mai zurfi. Mai aikin fitila, wato mai naɗa dutse a harshen wuta, ba ya haɗa gilashi da kansa, sanduna yake saya masu kaurin fensir. A da, masu wannan aiki a Venice fitilar mai suke hurawa da zugazugin ƙafa. Yau bututun wuta ake amfani da shi, ɗan'uwan na masu walda, wanda ke haɗa iskar gas da oksijin.

Da farko yana tsoma tsinken ƙarfe a kunun yumɓu ya bar shi ya bushe, don kada gilashin ya manne wa ƙarfen. Sai ya riƙe tsinken a hannu ɗaya, sandar gilashi a ɗayan. Yana kai bakin sandar wuta sannu a hankali, domin in ya yi garaje sai ta fashe ta yi tartsatsi. Idan ta yi ja ta yi laushi tana ja kamar alewa a hannun mai ita, sai ya ɗora ta kan tsinken yana murzawa, gilashin yana naɗuwa. Hannun ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido, in ya tsaya dutsen ya zubo gefe guda. Daga nan sai ado: ɗigo-ɗigo, zane da siririn zaren gilashi, ko dannawa da ƙarfe a fitar da siffa. Idan komai ya huce aka zare tsinken, gurbinsa shi ne hudar da zare zai bi.

A nan ne azurfa ke shigowa. Mutanen iyakar Gobir ba baƙin azurfa ba ne, sun san zobe da munduwa na maƙeran fari, sun san aikin maƙeran Buzaye da ke sauka daga Agadas. Amma a gilashin azurfa ido ba ya ganin ƙarfen ko kaɗan. An narkar da ita ne a cikin jikin gilashin tun a masana'anta, har sandar takan zo fara tas ko da ɗan ruwan zuma, babu abin burgewa a jikinta. Wuta ce ke fito da abin da ke ɓoye, kuma hanya biyu ake bi.

Ta farko wasa ce da zafi. Ana gasa dutsen har ya yi garau, a janye shi ya huce har jan ya ɗauke, sannan a mayar da shi gefen harshen wuta a ɗumama shi kaɗan. A wannan ɗumamawar ƙwayoyin azurfa ke haɗuwa su zama ƙananan dunƙule, waɗanda sai an jera kusan dubu kafin su kai kaurin silin gashi. Girmansu ne ke yanke irin hasken da gilashin zai haɗiye da wanda zai mayar wa ido. Shi ya sa sanda ɗaya kan ba da rawaya, ta koma makuba, ta juye shunayya, shuɗi ko kore, gwargwadon yawan shiga da fitarta a wuta. In aka zarce, launin ya dagule ya zama ruwan laka, sai a sake gasa shi daga farko.

Ta biyu wasa ce da iska. Mai aiki yana rage oksijin ya ƙara gas, wutar ta yi laushi ta koma mai yunwar iska. Da ya gitta dutsen a cikinta na 'yan daƙiƙu, sai ta zuƙe oksijin da ke fatar gilashin, ta bar azurfa tsagwaronta a shimfiɗe, siririya ƙwarai, tana sheƙi da launukan bakan gizo. Gwanaye sukan lulluɓe wannan sheƙi da farin gilashi, ya zauna a ciki ba ya gogewa. Akwai kuma masu naɗa takardar azurfa a kan gilashi mai launin hauren giwa. Farar wutar da ke cikin wannan gilashi tana haɗuwa da azurfar, sai a samu zane baƙi-baƙi mai kama da jijiyoyin dutse. Kamfanin Double Helix a Amurka ya shahara da sandunan azurfa, Effetre na Murano kuma da sandunan launi na yau da kullum.

Wannan hikima ta girmi kamfanonin nan nesa ba kusa ba. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai Kofin Lycurgus, aikin Rumawa na ƙarni na 4, wanda ke kore idan haske ya faɗo masa ta gaba, ya koma ja idan hasken ya ratso ta baya, saboda ƙwayoyin azurfa da zinariya da ke jikinsa. Musulmi ma sun yi zarra a fagen. A Fustat, tsohuwar Alƙahira, an tono kofin gilashi da aka yi wa ado da ruwan azurfa, ɗauke da sunan Abdussamad bin Ali, ɗan gidan Abbasiyawa da ya yi gwamnan Masar wajen shekarar 773. A ƙarni na 9 maginan tukwane na Iraƙi suka ɗauki dabarar, suna gasa kwanoni a tanderu mai hayaƙi su fito suna ƙyalli. Ko tabaran gilashi da ke yin duhu a rana ya washe a inuwa, wanda kamfanin Corning ya fito da shi a shekarun 1960, gishirin azurfa ne ke wannan aiki a cikinsa.

Bayan launi, saura sanyaya, kuma nan ne masu gaggawa ke asara. Fatar dutse tana riga cikinsa hucewa, sai ɓarakar da ido ba ya gani ta zauna a ciki, bayan kwana biyu ko wata guda ya tsage a wuyan mai shi. Maganin abin shi ne a sa shi a tanderu mai zafin digiri 500 ko kusa da haka, a bar shi ya sauko a hankali cikin sa'o'i. Masu aikin gargajiya toka mai zafi suke binne ƙananan duwatsu a ciki. Haka kuma ba kowane gilashi ke zama da ɗan'uwansa ba, domin kowanne da yadda yake buɗewa da tsukewa. A ma'aunin wannan buɗewa, sandunan Murano lamba 104 suke ɗauke da ita, gilashin ɗakin gwaje-gwaje kuma 33. Wanda ya haɗa su a dutse ɗaya, ko ya liƙa fasasshiyar kwalba a kan sandar da ba jinsinta ba, fashewa zai girba.

Aikin yana da haɗarinsa. Hasken rawaya da ke tashi idan gilashi ya shiga wuta yana gajiyar da ido, don haka akwai tabarau na musamman da ake sawa. Hayaƙin azurfa da na gas ba abin shaƙa ba ne a rufaffen ɗaki. Tukunyar gas da ta oksijin kuma ba a ajiye su kusa da murhu ko inda yara ke wasa.

Ga mai saye, bambance gilashi da roba ba wuya. Gilashi ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, kuma yana ƙara idan ya taɓa haƙori. Na hannu ba ya da layin da inji kan bari a gefe, biyu ba sa zama daidai wa daida, kuma sau da yawa ana ganin ragowar yumɓu a cikin hudarsa. Wadda ta gaji tsofaffin duwatsu daga kakarta ta yi hattara da mai zuwa ya ce zai musanya mata da sababbi. Tun ƙarshen shekarun 1960 dillalai suke bin ƙauyukan Afirka ta Yamma suna tattara tsofaffin duwatsun Venice, ana fitar da su Amurka da Turai inda masu tara kayan tarihi ke sayensu da daraja.

Sandunan azurfa daga waje ake kawo su, da tsada, kuma tanderun zamani sai da wutar lantarki tsayayya, abin da ƙauyukan Isa da Sabon Birni ba su da tabbacinsa. Amma hanyar Bida ba ta bukatar lantarki. Haka ta Krobo a Gana, inda ake daka kwalba ta zama gari, a zuba a ƙananan mazubin yumɓu, a soka karan ganyen rogo a tsakiya, wuta ta cinye karan ta bar huda. Kwalaben da ba a amfani da su suna nan zube a bayan kowace kasuwa, maƙeran da suka san zugazugi da halin wuta suna nan a garuruwan Gobir, masu saye kuma suna nan daga Shinkafi har Maraɗi. A lokacin da rashin tsaro ya raba dubban matasa da gonakinsu, har wasu suka tsallaka Gidan Rumji gudun hijira, sana'ar da ake yi a zaure ɗaya ta cancanci a duba ta.

Kira a nan ga shugabannin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, da masu sarauta, da masu hannu da shuni na yankin: a zaɓi 'yan matasa, musamman 'ya'yan maƙera, a ɗauki nauyinsu su je Masaga su zauna gaban masu sana'ar su koya, a kuma tanadar musu murhu da rumfa a kasuwa kafin su dawo.