Gerewol a Cikin Waya, Majigi Kuwa Ya Daina Zuwa Ƙofar Fada

Wani ɗan gajeren bidiyo ne ya tayar da gardama a teburin mai shayi a Bodinga, daren da na yada zango a kan hanyata ta zuwa Shagari. Samari ne a jere, sun shafe fuska da jar ƙasa, sun zizara baƙi a leɓe, suna zare idanu suna yashe haƙora. Bai kai minti biyu ba. Wani ya ce 'yan daudu ne, wani ya rantse Turawa ne suka biya su. Da na ce bikin Gerewol ne na Fulanin Woɗaaɓe, waɗanda muke kira Bararo, kuma akwai abin da ba a nuna ba, sai wani dattijo ya miƙo mini wayar. "Malam, mi za ka ce? Ba ga shi nan ba, mun gani da idonmu."

Maganar nan ta daɗe tana yi mini kai-kawo. Mun tashi mun ji ana cewa gani ya kori ji, shi ya sa muke ɗaukar fim ɗin gaskiya, wato wanda babu 'yan wasa a cikinsa, tamkar shaidar da ba a ja da ita. Tabbas abin da ke ciki ya faru. Amma mutum ne ya zaɓi inda zai kafa kamara, shi ya zauna ya yanke abin da bai burge shi ba, shi kuma ya ɗora kiɗan da yake so. Mai goro ma manyan yake jerawa a bakin huhu. Wanda ya leƙa kasuwa ta kafar zana ya hango rumfar mahauta zai iya rantsuwa cewa nama kawai ake sayarwa a garin, kuma bai yi ƙarya a kan abin da idonsa ya gani ba. Man da ke yawo a saman miya daga cikin tukunyar yake, sai dai ba da shi ake sanin ko gishiri ya ji.

To me aka yanke? Gerewol yakan ɗauki kusan mako guda, a ƙarshen damina, tsakanin zuri'a biyu da suka yi watanni ba su haɗu ba. Lokacin ne makiyaya ke gangarawa yankin Ingal a jihar Agadas, don dabbobi su lashi gishirin ƙasar, taron da ake kira Cure Salée da Faransanci, wanda yawanci ke faɗowa a watan Satumba. A nan ake raɗin suna, a ƙulla aure, a ji labarin wanda ya rasu, a yi wa dabbobi rigakafi. 'Yan matan da ke zaɓen gwani suna cikin bikin, tsofaffin da ke tsawatarwa suna ciki, mai tatsar nonon da za a ciyar da baƙi ma tana ciki.  Kamara kuwa ɗan kallo take nema, don haka fuskar da aka yi wa kwalliya take bi, ta bar rijiya da garke a baya. Ko Bajamushen nan Werner Herzog, da ya yi fim a kan Woɗaaɓe a 1989, waƙar coci ta Turai ya ɗora a kan rawarsu. Mai kallo a Jamus ya ji daɗi, amma abin da kunnensa ya ji ba shi masu rawar ke ji ba.

Ba ina cewa kowa ya yaba wa al'adar ba. Muna ƙasar malamai, ga Sifawa nan kusa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma kowa na da damar auna abu da ma'aunin addininsa. Sai dai alƙalin kirki ba ya yanke hukunci da rabin bayani.

Akwai maganin wannan matsala, kuma a maƙwabtanmu an taɓa gwada shi. Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya ɗauki fim ɗin Sarkawan Ayoru suna farautar dorina a kogin Kwara a farkon shekarun 1950. Da ya gama haɗawa sai ya koma garin ya haska musu. Suka kalla, suka ce bai yi ba: kiɗan da ya ɗora a wajen farautar zai ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, su kuwa shiru suke yi idan sun fita. Ya cire kiɗan. Daga nan ya mayar da abin ɗabi'a, ya riƙa mayar wa mutane hotonsu su gyara masa. A 2004 ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, tsallaken Illela kaɗan.

Mu ma mun taɓa mallakar abin da za a yi wannan aiki da shi. Dattawan Bodinga da Shagari suna tuna majigi: mota ta iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da inji bayan isha'i, mai sharhi yana fassara da Hausa ta lasifika. Da shi gwamnatin Arewa ta koyar da tsabta da noman auduga, da shi aka san fim ɗin Baban Larai, da shi talakan ƙauye ya fara ganin Sardauna yana motsi. Farfagandar hukuma ce, babu musu. Amma gari guda ne ke kallo tare, kuma in an nuna abin da ba haka yake ba, akwai tsohon da zai ɗaga murya kowa ya ji. Yau kowa ya duƙa a kan wayarsa, kuskure ya shige shi babu mai tare shi.

 Namu bukukuwan fa? Sharo, dambe da kokawar kaka suna ja da baya, wani wuri saboda tsoron 'yan bindiga, wani wuri saboda samari sun tafi ci-rani. Bikin hamada na Mali, da aka fara a 2001, bai sake zama a yankin Tumbutu ba tun bayan na 2012. Bikin kamun kifi na Argungu ma ya yi shekara kusan goma a kwance kafin ya dawo a 2020. In biki ya tsaya, hotonsa ne kaɗai ke saura, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin hoton da jami'anmu ke ɗauka na rumfar manyan baƙi ne da jawabai. Masuncin da ya kwana yana ɗinkin koma ba ya samun ko daƙiƙa goma.

Kayan aikin ba su da tsada yanzu. Na'urar haskawa ɗaya, ƙaramin janareto ko batirin sola, da farin bangon makarantar firamare sun isa. Abin da ya rage shi ne ƙaramar hukuma ta nemo fim ɗin Gerewol cikakke, ta gayyato Arɗo ya zauna kusa da lasifika yana bayani, sannan a sa samarin garin su ɗauki sharon bana da wayoyinsu, a haska wa waɗanda aka ɗauka tun kafin a tura wa duniya. Dattijon nan na teburin mai shayi ya ce mini in an kafa ƙyallen, shi zai fara shimfiɗa tabarma.