Kafin ka ɗauki kwanon kankare: magana da mai tafiya ci-rani wurin gini

Wannan shi ne abin da muka tattauna a filinmu na daren Laraba, mun sa shi a takarda saboda waɗanda suke daji da dabbobi ko suke kan hanya lokacin da aka watsa shirin. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Abin da ya jawo maganar kira ne da wani bawan Allah ya yi mana daga ruga. Ƙanensa ya tafi birni ci-rani bayan an gama girbi, ya samu aikin lebura a wurin gini, kwana tara kacal aka dawo da shi gida ba ya iya taka ƙasa. Bai faɗo daga sama ba, babu kuma abin da ya faɗo masa. Yini guda ya yi tsaye cikin kwaɓin kankare da silifa a ƙafa, ranar da ake zuba dakin. Da dare ƙafa ta yi ja, da safe fata ta saɓule. Kuɗin da ya je nema bai samu ba, sai ma awaki biyu da aka sayar aka yi masa magani.

Ɗan'uwa, kai da ka tashi cikin kiwo ba ka rasa ƙarfi ba, ba ka rasa juriyar rana ba, shi ya sa ma 'yan kwangila suke son irinka. Ka san saniyar da ke harbi, ka san bakin rijiyar da ba a matsa wa. Amma duk wannan mahaifinka ne ya koya maka a hankali. A wurin gini babu mai zaunar da kai. Da asuba za a zaɓe ka a bakin titi, a miƙa maka shebur, shi ke nan.

Mu fara da siminti, tunda shi mutane suka fi rainawa. Idan siminti ya haɗu da ruwa yakan yi kaifi irin na sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. A ma'aunin da masana ke kira pH, ruwan sha yana wajen 7, jiƙaƙƙen siminti kuwa yana kaiwa 12 zuwa 13. Mugun halinsa shi ne ba ya zafi nan take kamar wuta. Sai ya yi sa'o'i yana cin fata kana ta aikinka ba ka sani ba. Wuraren da ya fi yi wa ɓarna su ne inda ya maƙale: cikin takalmi, gwiwar wando idan ka durƙusa, da wuyan riga idan kana ɗaukar kwano a ka yana ɗiga. Saboda haka dogon takalmin roba da safar hannu ta roba su ne farkon abin da za ka saya, tun kafin waya. Ka saki ƙafar wando ta rufe bakin takalmin, kar ka cusa ta ciki, don kar kwaɓin ya zuba ciki. In ya taɓa ka, cire tufar da ta jiƙe, ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 20. In ido ne, haka nan, ka buɗe shi ƙarƙashin ruwa, sannan ka nufi asibiti. Kar ka shafa man shanu, kar ka shafa baƙin mai. Maiƙo yana rufe simintin a kan fata ne ya ci gaba da aikinsa.

Ƙura kuma tata ɓarnar ta daɗe ba ta fito ba. Yankan bulo, tayil ko dutse da inji yana tada ƙura mai laushi da ke zama cikin huhu, bayan shekaru mutum ya kama tari da haki, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rawani yana tare ƙurar hanya, amma wannan ta fi ƙarfinsa. A riƙa zuba ruwa a wurin da ake yanka, kai kuma ka tsaya ta inda iska ke tahowa.

Sai rami. A nan ne makiyayi ya kamata ya fi kowa ganewa, don ba mu rasa jin labarin rijiyar da ta rufta da mai haƙa ba. Ramin tushen gini, na sokawe, na kwalbati, duk hali ɗaya gare su. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 zurfi, nauyinta ya kai wajen tan 1 da rabi. Wato buhun siminti 30 masu kilo 50. Ba sai ta rufe kanka ba. In ta danne ka zuwa ƙirji, numfashi ya gagara. A Amurka doka ce, ramin da ya kai ƙafa 5 zurfi, kimanin mita 1 da rabi, sai an tokare bangonsa ko an kwantar da gefensa kafin mutum ya shiga, kuma ƙasar da aka fitar a ajiye ta aƙalla ƙafa 2 daga baki. To su ke nan. Mu kuwa yawancin ƙasarmu ta nan kan iyaka jigawa ce, yashi ne da ba ya riƙe kansa. In rami ya wuce ƙirjinka, duba sama: an tara ƙasa a bakinsa? Tifa tana wucewa kusa? An yi ruwa jiya? Akwai tsani, akwai mutum a sama yana kallonka? In ka ga ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan ko baki ya tsage, fito, a yi maka dariya. Kuma kar a kunna janareto ko injin jan ruwa cikin rami ko rijiya. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari, mutum ya ji jiri kawai ya sulale, wanda ya shiga ɗauko shi ma ya bi shi.

A ƙasashen da ake ajiye lissafi, faɗowa daga sama ce ta fi kashe ma'aikatan gini. Ba sai bene mai hawa goma ba, faɗuwa daga saman katanga a kan bulo ko tsinin rodi ta isa. Tsani yana da ƙa'ida mai sauƙi: duk tsawon taku 4 a sama, gindinsa ya ja baya taku 1 daga bango, kansa ya zarce inda za ka sauka da kamar mita 1, a ɗaure shi. Katakon da magina ke tsayawa a kai, girgiza shi da hannu kafin ka ɗora masa kanka da kaya. Idan kana ɗauke da dogon rodi, ɗaga kai ka ga ina wayar lantarki take, domin babbar waya ba sai an taɓa ta ba, kusantarta ma wuta na iya tsallakowa. Ƙusa ta soke ka, ko da ciwon ƙarami ne, wanke shi ka je a yi maka allurar sarƙe-haƙora.

Bari in faɗi wadda wasu ba sa son ji. Tramol ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya take yi. Tana kawo jiri, tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma babu mummunan wurin da wannan zai same ka kamar kan tsani da kwano a ka.

Akwai kuma batun kwana. Da yawa 'yan ci-rani suna kwana cikin ginin da suke aiki don kar su biya haya, ni ma ban ga laifinsu ba. Amma kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya auna masa. In ana gaggawa aka cire gora ko katakon da ke tokare da dakin da wuri, ko aka jibge bulo a kansa, abin da ke sama na iya saukowa. Kar ka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin sabon dakin. In ka ji ƙara kamar ana karya kara, ko ka ga tokarar ta lanƙwashe, fita ka kira saura. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, cikin Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu ma'aikata ne da suka fito neman na abinci.

To in abu ya faru, wa zai biya? A takarda akwai amsa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 167, ta shekarar 1988, ta ce mai aiki ne zai ba da kayan kariya ba tare da an cire wa ma'aikaci ko sisi ba. Najeriya tana da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ke kula da ita. A Nijar kuwa asusun CNSS ne ke ɗaukar hatsarin wurin aiki. Sai dai waɗannan sun fi amfanar wanda aka yi wa rajista. Idan babban aiki ka samu, irin na titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, tambayi takardar ɗaukar aiki da katin shaida tun ranar farko, haƙƙinka ne. Idan kuwa aikin yini ne, wanda shi ne na yawancinmu, to kai za ka haɗa wa kanka shaida. San sunan ɗan kwangila da na mai ginin, karɓi lambar waya ka tura gida, ka tabbata an rubuta sunanka a littafin masu aiki kowace rana. Kar ka je kai kaɗai, ku kasance biyu ko uku 'yan gari ɗaya. In an ji ciwo a faɗa nan take a gaban shaidu, a adana takardar asibiti da rasit. Wanda ya tsallaka iyaka ya riƙe katin ɗan ƙasa a jikinsa, don baƙo marar takarda shi aka fi saurin sallama da kuɗin mota.

Ranka ya daɗe, Alhaji mai shago a Jibiya, ko Ƙonni, ko Maigatari, maganar ta zo kanka. Ranar da ka ɗauki leburori su ɗora maka ɗaki a saman shago, kai ne mai aikin. Takalmin roba huɗu da hular kwano huɗu da randar ruwan sha ba su kai kuɗin jinyar ƙafa ɗaya ba. In birkila ya ce tushen shagon ba zai ɗauki bene ba, kar ka canza birkila, nemo injiniya ya duba. In ya ce dakin bai isa cire tokara ba, bar ranar kasuwa ta wuce.

Mun sake kiran mutumin ruga kafin mu rufe wannan shafi. Ya ce ƙanen nasa ya fara takawa da sanda, yana kuma cewa zai koma birni da zarar ya warke. Yayan ya ce ya riga ya aika a sayo masa dogon takalmin roba ranar kasuwa.