Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Hemi 'Cuda Ta Ainihi

Daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin Amurka sun yi ta gasar ƙera matsakaitan motoci masu manyan injuna, waɗanda mutanen can ke kira "masu ƙwanji". Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Plymouth Hemi 'Cuda ta 1970 da 1971, mai silinda 8 da ƙarfin doki 425. Masu buɗaɗɗen rufi da aka ƙera a 1971 ba su wuce 12 ba, har ma an sayar da guda a gwanjo a birnin Siyatil cikin 2014 a kan dala miliyan 3.5.

To, inda kuɗi suka yi yawa haka, ba a rasa 'yan damfara. Gangar jikin 'Cuda ɗaya take da ta Barracuda gama-gari, saboda haka sai mutum ya sami Barracuda mai araha, ya ɗora mata babban inji, ya shafa fenti, ya manna tambari, ya kai ta kasuwa da sunan ta ainihi.

Abin da masana ke fara dubawa shi ne lambar mota da ke bisa ɗan ƙarfe a gindin gilashin gaba. Ta 'Cuda tana farawa da BS, ta Barracuda gama-gari kuwa da BH. Harafi na biyar shi ke nuna injin da aka fito da ita da shi, watau R ga Hemi. Su kuma ƙusoshin da suka riƙe ƙarfen suna da kai mai siffar fure, don haka in aka ga wasu iri dabam, akwai alamar an taɓa cire shi.

Amma lamba ɗaya ba ta isa shaida ba. Kamfanin ya buga ƙarshen wannan lamba a jikin inji, da akwatin giya, da ƙarfen da ke riƙe lagireto, kuma tilas ne duka su dace. Haka nan ranar da aka zuba ƙarfen injin dole ta riga ranar da aka haɗa motar. Sabuwar walda kusa da inda lamba take, abin tuhuma ce babba.

Har wa yau akwai wani ƙaramin allon ƙarfe cikin bonet mai ɗauke da launin fenti da kayan da aka sa wa motar, da kuma takardar masana'anta wadda ma'aikata kan cusa cikin wayoyin kujera. Idan waɗannan suka saɓa wa juna, to, ciniki ya tsaya.

Ba laifi ba ne a sayi kwaikwayo muddin an faɗa, kuma an yi mata kuɗin kwaikwayo. Wanda ya biya miliyoyi bisa hoto da daɗin bakin dillali, bai kai ƙwararre ya leƙa ƙarƙashin mota ba, ya yi cinikin biri a sama.