Faɗi Ko Zurfi: Wane Irin Akwatin Gilashi Ya Dace Da Kifin Gufi?

Sau da yawa mutum zai sayi 'yan kifayen ado guda shida, ya zuba su cikin wani kyakkyawan gilashi mai siffar tulu, ya ɗora a kan teburin falo. Bayan mako biyu sai ya tarar sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki, daga nan kuma su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Akan ɗora wa abinci laifi, ko a ce mai shago ya sayar da marasa lafiya. Amma idan aka bincika, galibi laifin yana ga mazubin da aka zaɓa.

Kifin da ake kira gufi, wanda masana suka laƙaba wa suna Poecilia reticulata, asalinsa daga ƙoramun Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad yake, a arewa maso gabashin Kudancin Amurka. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Peters, shi ya fara bayaninsa a 1859. Sunan da aka fi saninsa da shi kuwa ya samo shi ne daga Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. Namijin ba ya wuce santimita uku da rabi, tamatar kuwa takan kai shida. Wannan ƙanƙanta ita ke yaudarar mutane, har su ɗauka ko a kwalba ma zai rayu.

To, mai karatu ya tuna cewa kifi ma da iskar oksijin yake rayuwa, kamar mu. Bambancin shi ne tasa iskar narke take a cikin ruwa, kuma ruwa marowaci ne: abin da lita guda ta ruwa ke riƙewa bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na abin da ke cikin lita guda ta iskar da muke shaƙa ba. Ɗan abin nan kuma ta ƙofa ɗaya yake shiga, wato ta fuskar ruwan, inda ya haɗu da sarari. Ta nan ne kuma gurɓatacciyar iskar da kifin ya fitar take ficewa. Wanda ya taɓa juye kunu mai zafi a faranti don ya yi saurin hucewa ya riga ya san wannan ka'ida, ko da bai shiga ajin kimiyya ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauki akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. Zai ci lita 54, wato jarka biyu masu cin lita 25 da ɗan ɗori, kuma fuskar ruwansa murabba'in santimita 1,800 ce. Yanzu a sami wani da aka ƙera a tsaye, tsawo 30, faɗi 30, zurfi 60. Shi ma lita 54 zai ci, ba ragi ba ƙari, amma fuskarsa ta koma 900. Ruwa ɗaya, ƙofar iska ta ragu da rabi. Na tsayen ya fi burge baƙo, ba musu, sai dai gilashinsa dole ya fi kauri saboda ruwa na ƙara dannawa gwargwadon zurfinsa, ga shi da wuyar wankewa. Bugu da ƙari, shi gufi bakinsa sama yake kallo, a kusa da saman ruwa yake kiwo, yana kai da komowa. Zurfin da aka kashe wa kuɗi kusan fanko zai zauna. Mai siffar tulu kuwa ya fi kowanne muni, domin cikinsa babba ne bakinsa ƙarami. Wanda ya riga ya saye shi, to kada ya cika shi. Ya tsayar da ruwan daidai inda cikin ya fi faɗi.

Wannan batu ya fi shafar mazauna ƙasashe masu zafi irin namu. Gufi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma idan ya kai digiri 30 sai ya sauka zuwa kimanin 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi bukatar iskar. Na'urar hura iska tana taimakawa, domin kumfarta na motsa fuskar ruwa. Amma a daren bazara da aka ɗauke wuta, na'urar ta yi shiru, faɗin akwatin kaɗai zai raba kifayen da mutuwa kafin gari ya waye.

Yawan ruwan ma yana da nasa aikin. Kifi na fitar da guba mai suna amoniya, ragowar abinci ma idan ta ruɓe haka. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin yashi da matatar ruwa suna sarrafa ta zuwa abin da bai kai ta illa ba, sai dai sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. A lita biyar gubar kan taru cikin 'yan kwanaki. A lita hamsin tana tsarma, mai kiwo ya sami sararin canza rubu'in ruwan kowane mako. Haka nan ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi da sanyi, abin da ke galabaitar da kifi a lokacin hunturu, sa'ad da rana ke da ɗumi dare kuma da tsananin sanyi.

Nawa za a zuba? Masu kiwo sukan ce kada a fara da abin da ya gaza lita 40, kuma akwatinmu na lita 54, idan da matata, zai ɗauki manya takwas zuwa goma. A ganina gara a fara da rabin haka, saboda gufi ba ƙwai take sakawa ba, haihuwa take yi, kusan kowane mako huɗu, sau da yawa 'ya'ya ashirin ko fiye. Tana kuma iya adana maniyyin namiji na tsawon watanni, don haka ko an raba su haihuwa ba za ta tsaya nan take ba. 'Ya'yan su ma cikin wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Wanda ba ya son wannan hidima sai ya ajiye maza zalla, dama su ne masu launi da doguwar jela. Wanda ke son haɗawa kuwa ya ba kowane namiji mata biyu ko uku, don kada ya takura wa guda da bi, ya kuma dasa tsirran ruwa inda ƙanana za su ɓuya, domin manyan na cinye su.

Kafin a cika akwatin a dubi teburin da kyau. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, saboda haka idan aka haɗa da gilashi da yashi nauyin zai zarce buhun siminti. A yi masa murfi mai shigar iska, domin gufi gwanin tsalle ne. Idan kuma suka yi yawa, a ba wani mai sha'awa, kada a juye su a rafi ko tafki. An kai wannan kifi ƙasashe da dama na Afirka da Asiya don ya cinye tsutsotsin sauro, kuma a wurare da yawa da ya kuɓuce ya yaɗu har yana gasar abinci da ƙananan kifayen da ya tarar.