Kwanakin Jiran Sakamako: Yadda Za Mu Riƙe Iyayenmu



A ziyarar marasa lafiya da muke yi, gidan da ya fi shiga ruɗani shi ne wanda likita ya ce yana zargin ciwon daji ya yi nisa a jikin Baba ko Inna, amma sai an jira gwaji. Ni ma na yi irin wannan zama lokacin jinyar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta.

Me ake jira? Hoton asibiti yana nuna ƙari, amma ba shi ke tabbatar da cutar ba. Sai an ɗebi ɗan tsoka daga wurin an duba a ɗakin gwaji. Sakamakon yakan ɗauki makonni, kuma da shi likitoci ke sanin irin ciwon da maganin da ya dace, ko tiyata, ko allurai, ko gashi irin wanda ake yi a Korle Bu da ke Akra da Komfo Anokye da ke Kumasi.

Kada a zauna jira kawai. Ba a jiran sakamako kafin a magance raɗaɗi. In farasitamol ya kasa, a koma wa likita; akwai magani mai ƙarfi kamar mofin, sai dai yana taurara bayan gida, don haka a nemi maganin wannan tare. Kada a matsa masa da tuwo. Koko, kunu, romo, kaɗan-kaɗan a kai a kai, sun fi faranti cike. In ba ya iya motsi, a juya shi duk awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da maƙwabta suka kawo, a nuna wa likita tukuna, domin wasu na wahalar da hanta da ƙoda.

Akwai alamun da ba sa jiran ranar komawa asibiti: numfashi da ƙyar, zubar jini, ruɗewar hankali, zazzaɓi mai zafi, mutuwar ƙafafu farat ɗaya, ko kasa fitsari. A tafi nan take, ko da tsakar dare ne.

A naɗa mutum ɗaya ya riƙe takardu da katin NHIS, ya riƙa rubuta abin da likita ya ce. A sabunta katin tun yanzu, a kuma tambayi kuɗin kowane gwaji, don ba duka katin ke biya ba. 'Ya'yan da ke waje su turo gudummawa, na gida su raba kwana, kada nauyin ya faɗa kan suruka ɗaya.

Batun ibada, addini ya sauƙaƙa: salla a zaune ko a kwance, taimama in ruwa na cutarwa, azumi kuma a tambayi malam.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun ɓoye wa Inna komai, ashe ta sani. Daga baya ta ce da mun yi magana, da ta sallami basussukanta ta nemi gafarar mutane da ƙafarta. In dattijo ya tambaya, a gaya masa gaskiya a hankali: ana zargi, ba a tabbatar ba.

Gidan da ke bukatar taimako ya sanar da limamin unguwa, za mu zo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.